QBasic na cewa Overflow: zanen POKE yana tsayawa a tsakiyar allo

Malamin_Alli ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Ina koyar da darasin kwamfuta a wata sakandare, kuma duk wanda ya san tsarin karatunmu ya san BASIC, wato tsohon harshen rubuta manhaja, ya daɗe a ciki, a kansa yara suka daɗe suna amsa tambayoyi a jarrabawar fita. To yarana sun ƙoshi da PRINT da INPUT da lissafin matsakaicin maki. Da an ce BASIC sai a fara hamma. Shi ne na ce bari in nuna musu zane da launi ko za su farka.

Kwamfutocinmu ba sa ɗaukar QBasic, wato BASIC ɗin zamanin DOS, kai tsaye, saboda haka a cikin DOSBox, manhajar da ke kwaikwayon DOS, nake kunna shi. Da PSET, umarnin sa ɗigo ɗaya a allo, na fara. Yana aiki, amma kafin ya cika allo ɗaya yaro ya juya ya kama hira. Sai na koma zuba launi kai tsaye cikin memorin allo da POKE. Ga kod ɗin:

DEFINT A-Z
SCREEN 13
DEF SEG = &HA000
FOR y = 0 TO 199
FOR x = 0 TO 319
POKE y * 320 + x, (x + y) MOD 256
NEXT x
NEXT y
DEF SEG

Zanen yana saukowa daga sama lafiya lau, launuka na fita yadda nake so. Da ya ɗan gota tsakiyar allo sai ya tsaya cak, ya maido ni shuɗin allon rubutu da akwatin nan mai cewa Overflow, wato lamba ta wuce iyaka, ya haska layin POKE. Kuma kullum a wuri ɗaya yake tsayawa.

Abu biyu ne suka ɗaure mini kai. Idan na goge DEFINT A-Z, layin da ke mai da kowane gurbi INTEGER, wato cikakkiyar lamba, allo yana cika har ƙasa ba ƙorafi, sai dai saurin da na je nema ya tafi. Sannan na san LONG ya fi INTEGER girma, shi ya sa na raba layin gida biyu, na ajiye adireshin a gurbin LONG:

wuri& = y * 320 + x
POKE wuri&, (x + y) MOD 256

Overflow ɗin na nan, sai dai yanzu a layin wuri& yake tsayawa. In dai LONG na ɗaukar sama da biliyan 2, me zai cika shi a allon da duka-duka ɗigonsa 64,000 ne? Har memsize na ƙara a saitin DOSBox ko memori ne ya yi kaɗan, bai canza komai ba. Don Allah masana a taimaka, ina so in nuna wa yaran a darasi mai zuwa.

Ɗan_Python ya rubuta:

Wa alaikumus salam Malam. Ni dai shawarata ka haƙura da QBasic ɗin nan, ya girme ni. Ka sa musu Python da pygame, babu wani Overflow da za ka gani, lamba ko ta kai ina zai ɗauka. In kuma dole sai shi saboda jarrabawa, tunda ka ce cire DEFINT na aiki, ka cire shi kawai, ka riƙa danna Ctrl da F12 a DOSBox yana ƙara gudu. Shi ke nan an wuce wurin.

Tsohon_Hannu ya rubuta:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, kafin komai yi mini abu ɗaya. Maido kod ɗinka na farko, ka bar shi ya tsaya, ka rufe akwatin, ka danna F6 ka sauka ƙaramar tagar ƙasa mai suna Immediate, ka rubuta PRINT y, x. In bai ba ka 102 da 128 ba, ka dawo ka ce tsoho ya manta karatu.

Ga inda na samo lambobin. INTEGER a QBasic bayit 2 ne, wato bit 16. Da duka 16 ɗin na ƙirge ne da ya kai 65,535, amma bit ɗaya ya tafi wajen nuna lambar ta sama da sifili ce ko ta ƙasa, sai iyakar ta zama daga -32,768 zuwa 32,767. SCREEN 13 kuwa ɗigo 320 ne a kwance, jere 200 a tsaye, kowane ɗigo bayit ɗaya, jimla 64,000. Allon ya kusa ninka abin da INTEGER ke iya ƙirgawa. Jere na 102 yana farawa a 102 sau 320, wato 32,640. Ƙara 127 ka sami 32,767 cif. Ɗigo na gaba shi ne 32,768, babu inda za a sa shi. Memorin DOSBox ba ruwansa, ko nawa ka ba shi bit 16 bit 16 ne. POKE ma ba shi da laifi, yana karɓar adireshi har 65,535. Lissafin da ake yi kafin a miƙa masa adireshin ne ke fashewa.

Yanzu batun wuri&, wanda shi ne gundarin maganar. Kai daga hagu kake karanta layin, ka ga LONG, hankalinka ya kwanta. QBasic kuwa sai ya gama lissafa duk abin da ke bayan alamar daidai tukuna ya waiwayi inda za a zuba amsa. Lokacin da yake lissafin ba ruwansa da wuri&. Abin da ke gabansa shi ne y, INTEGER, 320, ita ma INTEGER tunda ba ta wuce iyaka ba, x, INTEGER. Sai ya yi komai a bit 16. Kamar mai dama fura ne a ƙaramin kwano da niyyar juyewa a babbar ƙwarya: in ta zube wajen damu, girman ƙwaryar bai tsinana komai ba. Tun wajen lissafin za ka faɗaɗa:

POKE y * 320& + x, (x + y) MOD 256

Alamar & da ke manne da 320 ta mayar da ita LONG, kuma in ƙarami da babba suka haɗu a lissafi ɗaya ana ɗaga ƙaramin ne zuwa girman babban. Ninkawar sai ta gudana a bit 32, amsarta ta fito LONG, ta ja x ma ya zama LONG. CLNG(y) * 320 + x ma daidai ne. Amma ka kula da inda za ka sa gyaran. In ka rubuta y * 320 + CLNG(x), jere na 102 zai wuce lafiya har ka fara murna, na 103 ya tare ka, domin 103 sau 320 ya kai 32,960, kuma ninkawa ake fara yi tun ba a iso wurin x ba.

Dalilin da ya sa goge DEFINT ke aiki kuwa, in ba ka faɗi nau'in gurbi ba QBasic na ɗaukarsa SINGLE, lamba mai ɗigon goma, bayit 4. Ita tana riƙe cikakkiyar lamba ba kuskure har 16,777,216, saboda haka 64,000 ba komai ba ne a wurinta. Kuɗin da kake biya shi ne jinkiri: kowane ɗigo sai an yi lissafi mai nauyi sannan a sake mayar da amsar cikakkiyar lamba. Ƙara gudun DOSBox zai ɓoye jinkirin, amma yaran za su fita aji ba su san abin da ya faru ba.

LONG ma ba kyauta ba ne, domin QBasic kod ɗin bit 16 ne, ninkawar bit 32 a gutsure yake yin ta. Saboda haka fitar da ita daga zagayen ciki. Ka lissafa farko& = y * 320& sau ɗaya a kowane jere, a ciki ka rubuta POKE farko& + x. Ninkawa 200 ke nan maimakon 64,000.

Akwai kuma dabarar da muka fi yayi a zamaninmu, wadda ba ta bukatar LONG ko kaɗan. Tun da IBM ta fito da tsarin allo na VGA a 1987 memorin wannan allo yake zaune a adireshin da ake rubutawa A000:0000, daidai inda kilobayit 640 na DOS suka ƙare. Adireshi a DOS kashi biyu ne: lambar sashe, wadda ake ninkawa da 16, sai tazarar da ake ɗorawa a kai. Ƙara 1 a lambar sashe daidai yake da matsawa bayit 16. Jere ɗaya bayit 320 ne, 320 raba 16 kuma 20 ne ba ragowa. Ke nan:

FOR y = 0 TO 199
DEF SEG = &HA000 + y * 20
FOR x = 0 TO 319
POKE x, (x + y) MOD 256
NEXT x
NEXT y

Yanzu adireshin POKE bai taɓa wuce 319 ba. Za ka ce ai &HA000 ɗin 40,960 ce, ta riga ta wuce 32,767, me ya hana ta fashewa? Rubuta PRINT &HA000 ka gani, -24576 zai ba ka. QBasic na cusa ta cikin bit 16, bit ɗin alama ya kunnu, sai ta karantu a matsayin lambar ƙasa da sifili, amma jerin bit ɗin bai canza ba, shi kuma DEF SEG jerin bit ɗin yake bukata. Mafi girman abin da za ka ɗora mata 199 sau 20 ne, 3,980, ba ta kusa da iyaka.

Wani abu da zai iya rikita ka: za ka ci karo da tsofaffin kod masu y * 320 + x tsirara, mai su yana rantsuwa suna aiki. Ba ƙarya yake ba. QBasic ɗin da ya zo da MS-DOS 5.0 a 1991 ba ya fitar da EXE, wato manhajar da ke aiki da kanta, kullum yana duba iyakar lamba. Yayansa QuickBASIC 4.5 yana fitarwa, kuma in ba a kunna zaɓin binciken kuskure ba, EXE ɗin ba ya dubawa. 32,768 sai ta zagayo ta zama -32,768, jerin bit ɗinsu ɗaya ne, ɗigon ya faɗa inda ya dace. Sa'a ce, ba daidai ba ce.

Ka kuma kiyayi FOR i = 0 TO 32767 da INTEGER. Kowace lamba a ciki halal ce, amma NEXT na ƙarshe sai ya ƙara 1 kafin ya gane an gama, a nan zai faɗi.

Shi kuma ɗana mai Python, gaskiyarka lambar Python ba ta cika. Amma ranar da za ka taɓa ɗigon hoto da NumPy, kayan lissafin Python, ka ƙara 10 a kan 250 a jerin uint8, wato lambobi masu bayit ɗaya, 4 za ka samu, fari ya koma baƙi, kuma ba akwatin da zai fito ya gaya maka. QBasic aƙalla ya tsaya ya yi magana.

Malamin_Alli ya rubuta:

Baba, 102 da 128 ya ba ni, ko ɗaya bai kauce ba. Allah ya saka da alheri, ya ƙara lafiya. Na sa 320& allo ya cika, na gwada ta DEF SEG ita ma ta cika, har ta fi sauri.

Tunda hanya ta buɗe sai na ce bari in loda hoto, yara sun fi son ganin abin da suka sani. Na shirya fayil ɗin hoto na BMP mai 320 da 200, launi 256. Na karanta cewa ɗigon hoton na farawa bayan bayit 1,078, kuma daga ƙasa ake jerawa, shi ne na rubuta:

OPEN "HOTO.BMP" FOR BINARY AS #1
SEEK #1, 1079
FOR y = 199 TO 0 STEP -1
DEF SEG = &HA000 + y * 20
FOR x = 0 TO 319
GET #1, , c
POKE x, c AND 255
NEXT x
NEXT y

AND 255 ɗin na sa ta ne saboda da na buga c na ga lambobi manya-manya, wasu har da alamar debewa, alhali launi bai wuce 255 ba. Babu Overflow wannan karon. Amma hoton ya fito guda biyu, ƙanana, gefe da gefe, a rabin allo na ƙasa. Rabin sama ba hoto.

Sai launi. Na san sai na loda jadawalin launukan hoton, to kafin nan na gwada canza launi ɗaya da hannu: OUT &H3C8, 1 sannan OUT &H3C9 sau uku, ja da kore da shuɗi. Da na ba ja 255 ya fito ja jawur. Da na ba shi 200 don ya ɗan lafa, sai ya koma kusan baƙi. Da 128 kuwa baƙi ƙirin. Wannan wane irin lissafi ne?

'Yar_Lantarki ta rubuta:

Sannu da ƙoƙari Malam. Baba ya huta, bari in karɓi wannan.

GET a fayil ɗin BINARY ba ya tambayarka bayit nawa kake so, girman gurbin da ka miƙa masa yake dubawa. c ɗinka INTEGER ne saboda DEFINT, to kowane GET bayit 2 yake kwasowa, ɗigo biyu a dunƙule. Bayit na biyu ne ke hawa sama, darajarsa ta ninku da 256, in kuma ya kai 128 ya taɓa bit ɗin alama. Manyan lambobin da masu debewar da ka gani ke nan. AND 255 ta jefar da ɗigo na biyu ta bar na farko, ta rufe bakin matsalar ba ta warkar da ita ba. Lissafa ka gani: jere ɗaya na allo GET 320 ne, bayit 640, wato jere biyu na hoton. Na farko ya matsu a rabin hagu, na biyu a rabin dama. Bayan jere 100 fayil ya ƙare, kuma daga ƙasa ka faro, shi ya sa rabin ƙasa ne ya samu.

QBasic ba shi da nau'in lamba mai bayit ɗaya, sai an bi ta rubutu. Ko dai DIM b AS STRING * 1, ka yi GET a cikinsa ka ɗauki ASC(b), ko kuma, wanda ya fi sauri nesa ba kusa ba, ka kwaso jere guda a lokaci ɗaya:

jere$ = SPACE$(320)
GET #1, , jere$

a zagayen ciki kuma POKE x, ASC(MID$(jere$, x + 1, 1)). Ka cire AND 255, ba ta da sauran aiki.

Kada ka dogara da 1,079 ɗin nan kuma. Daidai ne ga tsohon tsari, kai mai bayit 54 da jadawalin launi mai bayit 1,024, amma wasu manhajojin zane na yanzu suna rubuta kai mai tsawo. Fayil ɗin da kansa yana faɗin inda ɗigo ke farawa: GET #1, 11, fara& sannan SEEK #1, fara& + 1. Ƙarin 1 ɗin saboda QBasic daga 1 yake ƙirga matsayi a fayil, tsarin BMP daga sifili. A nan LONG ne daidai, domin bayit 4 aka ware wa lambar. Faɗi yana matsayi na 19, tsawo na 23, su ma LONG. Adadin bit na kowane ɗigo yana na 29, shi INTEGER ne.

Launi kuma, VGA bit 6 kacal take karɓa ga kowane ɗaya daga ja, kore da shuɗi, wato 0 zuwa 63. Bit biyu na sama watsi take yi da su. 255 duk bit ɗinta a kunne suke, an yanke biyu saura 63, ja cikakke, shi ya sa ta yaudare ka. 200 in ka cire mata 128 da 64 saura 8. Ita 128 bit ɗinta ɗaya ne tal, kuma yana cikin waɗanda aka yanke, saura sifili. Ka raba kowace da 4 da alamar \ kafin OUT. Sannan BMP na ajiye kowane launi a bayit 4, shuɗi, kore, ja, sai fanko ɗaya, VGA kuma ja take so farko. In ba ka juya su ba fuskokin mutane za su fito shuɗaye.

Kada kuma yaran su ɗauka wannan ciwon tsofaffin kwamfutoci ne. Ni a kan Arduino, ƙananan allunan lantarki da ake rubuta wa kod, nake aiki, kuma a Uno, mai ATmega328P, int bit 16 ne har yau. Ƙaramin allon nan na ILI9341 da ake yawan haɗawa da shi ɗigo 240 ne sau 320, jimla 76,800. Mutum zai rubuta zagaye mai iyaka 240 * 320 don ya shafe allon da launi ɗaya, sai ya ga ɗan yanki ne kawai ya shafu a sama. 76,800 ba ta shiga bit 16, an zubar da 65,536 saura 11,264, wato jere 46 da ɗigo 224. Mai harhaɗa kod yana gargaɗi a kai, amma manhajar Arduino tana zuwa da gargaɗi a kashe, sai ka shiga saiti ka kunna. In ya gyara iyakar ta zama 240UL * 320 ya bar ma'aunin zagayen a uint16_t, ya faɗa wani ramin: ma'aunin zai kai 65,535 ya koma sifili, ba zai taɓa isa 76,800 ba, zagayen ba zai ƙare ba har a cire wuta. Duka biyun sai sun zama bit 32. Abin haushin, kod ɗin nan in ka ɗora shi a wani allon lantarki mai suna ESP32 zai yi aiki sumul, domin can int bit 32 ne, sai mutum ya ɗora wa allon laifi ya je ya sayo wani.

Mai_Manuni ya rubuta:

Malama ta gama magana a kan BMP. Ni ta ɓangaren harshen C zan ɗan ƙara, saboda cikin yaran nan wani zai kai can.

Hoton Malam da ya fito a gurguje na taɓa ganin ɗan'uwansa a C, amma a juye. An rubuta kod a Windows ana zuba ɗigo ta manuni, wato gurbin da ke riƙe adireshin memori, mai nau'in unsigned long, kowane ɗigo bayit 4, komai daidai. Aka kai shi Linux mai bit 64, hoto ya miƙe ya ninka faɗi, da baƙin zare tsakanin kowane ɗigo biyu, daga baya manhajar ta faɗi. A Windows long bayit 4 ne ko da injin mai bit 64 ne, a Linux mai bit 64 kuwa bayit 8 ne. Kowane rubutu yana cin wurin ɗigo biyu. Shi ya sa duk abin da zai shiga memorin hoto ko fayil ba na ba shi int ko long, sai uint8_t, uint16_t ko uint32_t, waɗanda girmansu ke rubuce a sunansu.

Masu SDL, kayan zane a allo da ake amfani da shi a C, kuma pitch ke kama su. Lambar bayit ce, tsawon jere ɗaya a memori, ba adadin ɗigo ba. In manuninka na uint32_t ne ka rubuta p[y * pitch + x], kowane mataki bayit 4 ne, kana tsallake jere huɗu-huɗu, da y ya kai kwatan tsawon hoton ka fita daga memorinka. Ko ka raba pitch da 4, ko ka yi lissafin jere da manunin bayit ɗaya sannan ka juya shi.

Bit 32 ma yana cika. Faɗi sau tsawo sau 4 a int yana fashewa daga hoto mai 23,171 kowane gefe, kuma hotunan taswira da na tauraron ɗan'adam suna kai haka. size_t girma = w * h * 4 shi ne wuri& ɗin Malam sak, sai ka rubuta (size_t)w * h * 4. A C abin ya fi muni, domin cikar lamba mai alama ba ta da hukunci a ƙa'idar harshen, mai harhaɗa kod na iya yin abin da ya ga dama da ita. Ina kunna -fsanitize=undefined a GCC ko Clang lokacin gwaji, shi ke ba ni irin akwatin da QBasic ya ba Malam kyauta.

Baba, da girmamawa, a nan na ɗan saɓa maka. Dabarar DEF SEG tana da kyau, amma ni ba zan fara nuna wa 'yan sakandare ita ba. Ta kauce wa matsalar ne, kuma sashe da tazara sun tafi da DOS, ba za su sake haɗuwa da su ba. 320& kuwa za su sake ganinta da wasu kaya, 240UL a Arduino, (size_t) a C.

Tsohon_Hannu ya rubuta:

Ba ka saɓa mini ba ɗana, na yarda. A aji 320& ce ta gaba. Ta DEF SEG a ajiye wa yaron da zai zo bayan darasi yana tambayar yadda za a ƙara sauri, ba a rasa irinsu ɗaya ko biyu a kowane aji.

Malamin_Alli ya rubuta:

Alhamdu lillahi, hoto ya fito ɗaya, ya cika allo, launi daidai bayan na raba da 4 na kuma juya shuɗi da ja. Malama, Allah ya ƙara basira. Na yanke shawarar kod ɗin farko mai faɗuwa zan fara ba yaran, in rubuta musu 32,767 a allon aji, su nemo da biro a wane jere da wane ɗigo zai tsaya kafin mu kunna.

Saura ƙaramar tambaya. Na gwada wani hoton mai faɗin 150, na canza SPACE$(320) zuwa SPACE$(150) da iyakar x zuwa 149. Ya fito, amma a karkace, kowane jere ya ɗan zame gefe fiye da na ƙasansa.

'Yar_Lantarki ta rubuta:

Amin Malam. BMP na cike kowane jere da bayit na banza har tsawonsa ya rabu da 4 ba ragowa. 320 ta rabu, shi ya sa ba ka gani ba a hoton farko. 150 ba ta rabu ba, saboda haka jerenta a fayil bayit 152 ne, kai kuma kana karanta 150, kowane jere kana bin bashin 2 suna taruwa. Ka karanto faɗin daga fayil, ka lissafa tsawon jere da kanka:

GET #1, 19, fadi&
tsawo = ((fadi& + 3) \ 4) * 4
jere$ = SPACE$(tsawo)

Zagayen x kuma ya tsaya a fadi& - 1, bayit biyun ƙarshe a karanta su amma kada a zuba su a allo.